Furen tumatir ba shi da ruwan zaƙi, a daina fesa masa sukari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana da 'yan'uwanmu masu lambu a nan Legas, tun daga masu kwami a wajajen Ojo da gefen hanyar Badagry, har masu rumfar leda a Ikorodu da Epe, da iyayenmu mata da ke shuka tumatir da gauta a buhu a bayan gida a Agege da Idi-Araba. Akwai wata shawara da ke yawo a tsakaninmu, wai idan furen tumatir yana kaɗewa bai ƙulla ɗa ba, sai a dama sukari da ruwa a fesa masa domin ƙudan zuma ya zo ya yi barbara. Shawarar ba ta da tushe, kuma tana jawo ɓarna. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a ajiye furen tumatir kusa da furen wani ɗan'uwansa na daji da ke tsaunukan Kudancin Amurka, a duba yadda Allah ya gina kowannensu.

Sunan wannan ɗan'uwa Jaltomata. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Schlechtendal, ya fara rubuta bayaninsa a 1838, kuma yau an san jinsuna fiye da 60 a cikinsa, daga jihar Arizona ta Amurka har Boliviya, amma mafi yawansu a tsaunukan Andis na ƙasar Feru suke. Binciken ƙwayar halitta ya nuna cewa duk cikin gidan tsirran da tumatir ya fito babu wanda ya kai shi kusanci da Solanum, wato babban reshen da ya tara tumatir, gauta, yalo, dankalin turawa da gautan kaji. Sun fito tsatso ɗaya, sai dai furensu ya raba hanya, kuma wannan rabuwar ce maganarmu.

A ɗauki jinsin da aka fi sani, Jaltomata procumbens, wanda ke fitowa da kansa a gonakin masara a Meziko. Furensa kore-kore ne mai haske, shimfiɗe, mai kusurwa biyar. Ran da ya fara buɗewa, kan macen da ke tsakiya a shirye yake ya karɓi garin barbara, amma zarurrukan namiji biyar ɗin gajeru ne, jakunkunan garin kuma a rufe. A wannan ranar furen mace ne zalla, ba zai iya barbarar kansa ba, sai ƙwaro ya kawo masa gari daga wani fure. Da dare ya rufe. Washegari ya sake buɗewa ya ƙara faɗi, zarurrukan sun miƙe sun yi tsawo, jakunkunan sun tsage a tsaye daga sama har ƙasa, gari ya fito fili. Duk abin da ya taɓa shi zai kwasa. Idan kuma ba wanda ya zo, jakunkunan sun riga sun kusanci kan macen, furen na iya barbarar kansa kafin ya faɗi. To me zai sa ƙwaro ya ziyarci furen a rana ta farko, alhali babu gari a fili? Ruwan zaƙi. A gindin mahaifar furen akwai wani zobe da ke tsattsafo da shi, ya taru ɗigo-ɗigo a tsakanin gindin zarurrukan. Shi ne ladan mai kawo gari.

A can saman tsaunukan Feru da Boliviya abin ya fi haka ban mamaki. Wasu jinsunan ruwan zaƙinsu ja ne wur. Jaltomata calliantha, wanda masana biyu, Segundo Leiva na Feru da Thomas Mione na Amurka, suka bayyana a 2010 daga arewacin Feru, furensa kore ne mai siffar ƙararrawa, a cikinsa akwai kwaruruka biyar, kowanne cike da jan ruwa da ake hangowa daga nesa. Haka Jaltomata herrerae na wajajen Kusko da Boliviya, wanda ke rayuwa a tudun da ya haura mita 3,000. Ruwan fure mai launi abu ne da ba kasafai ake samu ba: a duk duniya jinsunan da aka sani da shi ba su wuce kimanin 70 ba, cikin tsirrai masu fure fiye da 300,000. A 2022 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Minnesota suka gano sinadarin da ke ba da jan launin a wani fure na tsibirin Morishiyas mai suna Nesocodon, wanda ƙananan ƙadangaru ke lasa. Ruwan yana fitowa rawaya-rawaya, sannan wasu sinadaran furen su rage masa tsami, su sa abubuwa biyu da ke cikinsa su haɗu su zama ja. Da suka duba Jaltomata herrerae sai suka sami sinadari iri ɗaya, alhali tsirran biyu ba dangi ba ne kuma akwai teku da nahiya a tsakaninsu. Masu shan na Andis kuwa sun haɗa da ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki da ke tsayawa cak a iska gaban fure, waɗanda ba a samun irinsu sai a nahiyar Amurka. Tsuntsu yana ganin ja sosai, ƙudan zuma kuwa ja bai dame shi ba. Ruwan furen da tsuntsaye ke sha galibi tsararo ne, sukarinsa wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, na furannin ƙudan zuma kuma ya fi kauri. Komai na wannan fure, launi da siffa da kaurin ruwan, an daidaita shi da baƙon da ake jira.

Yanzu mai lambu ya tsinki furen tumatir ɗaya ya tsaga shi da farce. Ba zai sami ɗigon ruwa ko ɗaya ba. Ya tsaga na gauta, na yalo, na dankalin turawa, duk haka. Solanum, mai jinsuna fiye da 1,200, ba ya biyan baƙonsa da ruwan zaƙi, da gari yake biya, kuma garin ba a fili yake ba. A tumatir jakunkunan sun manne da juna sun yi wani rawayan tsini da ya lulluɓe macen, suna tsagewa ta ciki, garin ya fito ta bakin tsinin. A gauta da yalo kowace jaka tana da ƙananan huji a samanta. Kamar kwalbar hoda ce, in ba a girgiza ba ba abin da zai fito.

Mai girgizawar shi ne babban baƙin ƙudan nan mai huda azara da busasshen itace, wanda masana ke kira Xylocopa, da wani ƙarami mai ratsi-ratsi a ciki, Amegilla, da ke haƙa gidansa a ƙasa ko a katangar laka. Yana kama tsinin da baki, ya naɗe jikinsa a kai, ya kaɗa naman ƙirjinsa ba tare da ya tashi ba, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya. Mai kunne zai ji ƙarar ta sauya, ta yi siriri ta yi kaifi. Garin ya feso masa a ciki, wani kuma ya faɗa kan macen. Ƙudan zuma na amya bai iya wannan ba sam. Ko an cika lambu da amya, tumatir ba zai amfana da wani abin kirki ba. Shi ya sa manoman rumfar gilashi a Turai, tun daga Beljiyam a 1987, suka koma sayen wani ƙudan daban mai gashi da ya iya girgiza, wanda mu babu irinsa a Afirka kudu da Sahara. Alamar cewa mai girgiza ya zo ita ce ɗan tabo mai ruwan ƙasa a jikin rawayan tsinin, inda ya ciza.

Barkono, tattasai da attaruhu daban suke. Su furensu yana da ruwan zaƙi kaɗan, jakunkunansu suna tsagewa a tsaye irin na Jaltomata, kuma ƙudan zuma yana ziyartarsu da kansa ba sai an kira shi ba. Muna zaton daga nan ruɗanin ya samo asali: mutum ya ga zuma a kan tattasai, bai gan shi a kan tumatir ba, sai ya ɗauka wani abu ne ya rasa.

To idan aka fesa ruwan sukari me ke faruwa? In ƙudan zuma ya zo, sukarin da ke kan ganye zai lasa ya tafi, ba ruwansa da tsinin fure. Waɗanda za su zo su zauna su ne tururuwa da kiyashi, kuma su ne masu gadin kwarkwatar ganye, suna korar ƙwarin da ke cinye ta domin su sha darɓar da take zubarwa. Sukarin da ya bushe a ganye, a wannan laima ta Legas, cikin 'yan kwanaki zai yi baƙin fumfuna ya tare wa ganyen rana. Mafi muni shi ne abin da ruwan ke yi wa garin kansa. Garin tumatir busasshe ake so, in ya jiƙe sai ya dunƙule ya toshe bakin tsinin, ƙwayoyinsa su kumbura su lalace. Wato an kashe abin da ake son ya yi aiki. Wasu kuma don ragin wahala suna zuba sukarin cikin tankin maganin ƙwari, su fesa gaba ɗaya. Wannan gayyata ce zuwa ga guba, kuma amyar maƙwabci ce za ta biya.

Abin da ke kaɗe furen tumatir a Legas, a mafi yawan lokuta, zafi ne da laima, musamman zafin dare. Tumatir yana ƙulla ɗa da kyau idan rana tana tsakanin digiri 21 da 29, dare kuma ya sauka ƙasa da 21. Da zarar rana ta wuce 32, ko dare ya ƙi sauka, garin yana fitowa kaɗan kuma mafi yawansa matacce. Daren Legas kuwa kusan duk shekara yana tsakanin 23 da 26. Lokacin da zafi ya fi yin illa ba ran da furen ya buɗe ba ne, kwana 7 zuwa 10 ne kafin nan, sa'ad da garin ke haɗuwa a cikin toho. Wannan ne ya sa mai lambu kan rikice: yau gari ya yi sanyi amma fure na zuba, bai san zafin makon jiya ne ya yi aikinsa ba. Zafi yana kuma sa tsinken macen ya yi tsawo ya leƙo waje da tsinin, garin da ya zubo a ciki ba ya samunsa. Sai laima. Garin yana zuba da kyau idan laimar iska tana tsakanin kashi 40 da 70 cikin ɗari, safiyar Legas kuwa ta saba wuce 80. Ba don ƙasarmu ba ta da kyau ba ne motocin tumatir ke shigowa kasuwar Mile 12 daga Kadawa da Zariya da Jos. Can akwai sanyin dare na hunturu da busasshiyar iska, Jos kuma tana kan tudun mita 1,200. Irin da aka saba da shi a can, su Roma da UC82B, an san su da noman rani na Arewa, in aka kawo su nan a watan Maris sai ganye.

Ga abin da ke aiki. Mai lambu ya jira raɓa ta bushe, wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 12, kafin zafin azahar. Ya nemi furen da ganyensa rawaya suka lanƙwashe baya, wannan ne ya nuna. Ya sa baƙar takarda ko fuskar waya a kashe a ƙarƙashinsa, ya ɗan ƙwanƙwasa reshen furen da yatsa. In ya ga farin gari-gari mai ɗan rawaya ya sauka, akwai abin yi. In babu, ko ya yi sammako da yawa ne, ya sake gwadawa bayan awa ɗaya, ko kuma zafi ya riga ya kashe garin. Mai kwami da yawa ya bi layi yana bugun sandar da aka ɗaure tumatir ko igiyar da sanda, bugu biyu ko uku masu kaifi a kowane gindi. Mai buhu goma ko ashirin ya sami burushin haƙori mai batir, ya ɗora bayansa a kan reshen da ke ɗauke da furannin na daƙiƙa ɗaya ko biyu. A reshe, ba a kan furen ba, kuma kada ya taɓa ɗan tumatirin da ya fara ƙulluwa, domin ƙarzar za ta zama tabo in ya girma. A yi haka bayan kowace kwana biyu, tunda fure ɗaya ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a shirye, kuma furannin reshe ɗaya ba rana ɗaya suke buɗewa ba. Ran da aka wuni ana ruwa a bar shi. Cikin mako guda za a ga sakamako: ko dai mahaifar ta kumbura ta kai ƙwayar wake, ko kuma 'yar gaɓar da ke tsakiyar wutsiyar furen ta yi rawaya ta ɓalle.

Masu rumfar leda su ne suka fi buƙatar wannan, don sun toshe iska sun toshe ƙwaro, kuma cikin rumfa ya fi waje zafi. Sai an buɗe gefe da sama iska ta ratsa, a watannin Fabrairu da Maris kuma a shimfiɗa ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 40 na rana. Fiye da haka shukar za ta yi tsawo ta rame.

Girgiza ba ta tayar da mataccen gari, saboda haka lissafin lokaci ya fi komai. Iri yana yin mako uku zuwa huɗu a reno, bayan dashe kuma ya yi wasu mako uku zuwa huɗu kafin fure. Wanda yake son furensa ya faɗo cikin 'yar hunturun da muke samu a Disamba da Janairu, ya zuba iri a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Wanda ya zuba a Janairu ya kai furensa bakin zafin Maris. A wajen sayen iri a karanta jikin fakiti, a nemi wanda aka rubuta yana jure zafi da cutar yaushi ta cikin ƙasa, wadda ta yi yawa a Kudu. Taki ma yana da hannu. Yuriya ko kashin kaji da ya yi yawa gab da fure yana sa ganye ya yi duhu, kara ya yi kauri, fure ya zube. Haka ban-ruwa na yau a cika gobe a manta, abin da ya fi samun masu buhu. Maganin ƙwari kuma, in ya zama dole, a fesa da yamma bayan ƙudaje sun koma, kuma wanda ya ga baƙin ƙudan nan yana huda wani tsohon gungume a gefen lambu ya bar masa gungumen.

Ingancin barbara yana fitowa a jikin ɗan. Kowace ƙwayar iri a cikin tumatir ƙwayar gari ɗaya ce ta haifar da ita, kuma irin ne ke sa nama ya cika. Tumatirin da ya sami gari kaɗan yakan fito ƙarami, ko mai kusurwa-kusurwa, in an yanka a ga rami babu ruwa. Irin wannan ba ya nauyi, ba ya jure kwando, kuma dillalan Mile 12 sun san shi da hannu tun kafin a yanka.

'Ya'yan Jaltomata kuwa ƙanana ne, mafi yawa ba su wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba, cike da ƙananan iri. Na Meziko da Amurka ta Tsakiya galibi baƙaƙe ne masu shuɗi-shuɗi, ana cin su ɗanye har a kai kasuwa. Na Andis mafi yawa ruwan lemo ne, mutanen ƙauyuka na tsinka su ci, akwai ja, akwai kuma waɗanda ke nuna suna nan kore. Abin da ke bambanta su da ido shi ne ƙoƙon da ke bayan ɗan: yana girma tare da shi, ya buɗe ya kwanta a shimfiɗe mai tsini biyar, bai rufe ɗan ba. Na gautan kaji ƙarami ne ƙwarai, na matsarmama kuwa yana lulluɓe ɗan gaba ɗaya cikin 'yar jaka. Mun kawo wannan ne saboda yara. Jaltomata ba ya fitowa a dajin Najeriya, don haka duk wani baƙin ɗan itace mai kama da shi da aka gani a bakin kwata ko a kango a Legas wani abu ne daban, yawanci gautan kaji. 'Ya'yan wannan gida da ba su nuna ba suna ɗauke da sinadarai masu ɗaci da ke sa amai da gudawa, kuma gidan da ya haifi tumatir shi ya haifi zaƙami. Kada hoton wani yana cin baƙaƙen 'ya'ya a Meziko ya sa a gwada na bayan gida.

Masu sha'awar furanni da ke tunanin yin odar irin mai jan ruwan ta intanet su san abu biyu. Shigo da iri ƙasar nan yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta tarayya, wato NAQS, kuma dokar tana da dalili: tsutsar sharon da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 asalinta Kudancin Amurka ne. Na biyu, kowace mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Shukar da ta saba da mita 3,000 ta saba da daren da ke sauka ƙasa da digiri 10. A Legas, da ke daidai da teku, za ta tsiro ta yi ganye, tohonta ya zube kafin ya buɗe, saboda dalilin da ke kaɗe furen tumatir, sai dai ita abin ya fi tsanani a kanta. Ko tudun Mambilla, mai wajen mita 1,600, bai wuce wajen rabin tsayin wuraren da take fitowa ba.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin masu lambu da malaman gona da ke zagaya Ojo, Ikorodu da Epe su gwada gwajin baƙar takardar nan a gaban jama'a a kakar da ke tafe: layi ɗaya a riƙa girgiza shi bayan kowace kwana biyu, layi ɗaya a bar shi, a ƙirga furannin reshe na farko da na biyu a kowane gindi, bayan kwana goma a ƙirga waɗanda suka ƙulla.

Wassalam.

Daga wasu masu lambu da malaman gona,
Agege, Legas.